Muryar Ruƙayyatu a Lasifika

Tun kafin mu kai rumfar masu shinkafa mutane suka fara magana. Wata ta ce ai Ruƙayyatu mai albasa ce, wadda ba ta sayen buhu sai ta zura hannu har ƙasansa. Wani ɗan dako ya rantse ba ita ba ce, wai Ruƙayyatun da ya sani ta yi biyun wannan. Ni dai ina biye da amalanken da aka shimfiɗa mata tabarma a ciki, ina riƙe mata lema. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, shekara ashirin da wani abu.

Ciwon daji ne ya kama ta a nono. Likitan asibitin birnin Paraku ya ce ta zo a makare, bai kuma ɓoye mata ba: cikin mata goma da suka kai inda ta kai, kaɗan ke ganin damina biyu. Mijinta Manzo bai yarda ba. Ya kawo wani mai maganin kwalba da ke kafa lasifika a kasuwar Malanville. Ta sha kwana tara, kumburin ya ɗan saɓe, ta ci tuwo. Don murna Manzo ya sake kawo mutumin, aka ɗauki muryarta a waya tana cewa ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Bayan wata biyu ko hannu da ƙyar take ɗagawa, muryar kuwa tana nan tana tashi kowace ranar kasuwa.

Sun sha gardama, ina jin su ta katanga. Manzo yana cewa ai asibitin ma bai warkar da ita ba, kuma da kunnensa ya ji mutum bakwai sun yi shaida. Ita kuma sai ta tambaye shi mutum nawa suka sha gaba ɗaya.

"Malam, waɗanda sunka sha sunka mutu, wa ya ɗauko muryarsu?"

Fita kawai yake yi.

Abin da ya tashe ta daga gado shi ne Balkisu, ɗiyar ƙanwarta da ke aure a Garou. Balkisu ta ji ƙullutu a nononta, har an sa ranar zuwa Paraku, sai mijinta ya ji muryar nan a lasifika, ya fasa, ya sayo kwalba uku. Sau biyu Ruƙayyatu tana aika masa saƙo, yana cewa ai Inna da bakinta ta faɗa.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan ta sa aka tsayar da amalanken daidai ƙarƙashin lasifikar. Ba ta zagi kowa ba. Ta gai da mai maganin, ta tambayi iyalinsa, ta jira. Da aka zo kan muryarta sai ta janye mayafi daga fuskarta.

"Ni ce wagga da kuke ji. Ku dube ni da kyau."

Mai maganin ya yi murmushi ya ce ai Hajiya ba ta gama shan maganin ba ne. Ta ce masa kwalba goma sha ɗaya ta shanye, fankon na nan bayan ɗaki, in yana so a kawo masa ya sake cikawa. Mata suka yi dariya. Ya miƙa hannu ya kashe na'urar.

Ban ce kasuwarsa ta mutu ba, don kafin mu bar wurin na ga wani tsoho yana ciniki. Amma mijin Balkisu yana cikin taron, tsaye a jikin babur ɗinsa. Ranar Litinin shi da Balkisu suka hau motar Paraku.

Ranar Alhamis bayan azahar Ruƙayyatu ta rasu. Da hantsin ranar ina jiƙa mata leɓe da auduga Manzo ya shigo. Tun ranar kasuwar bai yi mata magana ba, wai ta kunyata shi a idon mutane. Na yunƙura zan fita, ya ce in zauna. Ya tsuguna a bakin gado, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana murza bakin hular da yatsu. Idonta a buɗe yake, yana kansa.

"Ruƙayya, ni na kawo shi gidanga, ni na riƙe wayar. Ki yahe mini."