Ranar da Alhaji Lawal Ya Yi Wa Sarautar Birtaniya Alkunya

A shekarun da kuɗin mai ya sa kowane babban ma'aikaci ya gano cewa sai a Landan zai iya koyon aikinsa, gwamnati ta turo Alhaji Lawal kwas. Aji bai dame shi ba. Sarauta ce ke cin ransa, don an sha yin naɗi a garinsu ana tsallake shi.

Wata Lahadi ya fita shan iska da matarsa Hansai a dajin Abbey Wood. Kusa da wani tsohon kango suka ga takobi a cake cikin dutse. Alhaji ya dafa shi zai gyara takalmi, sai takobin ya fito sulul kamar ludayi daga kunu.

Nan take wani ƙaton itace ya tsage, tsohon Bature mai gemu har gwiwa ya fito yana kakkaɓe ganye.

"Ni ne bokan sarakunan ƙasar nan na da," in ji shi. "Wanda ya zare takobin nan shi ne sarkin Birtaniya. Ka karɓa?"

Alhaji ya ji kamar ya yi tsalle. Amma mai mutunci ba ya cafke abu a tayin farko. Ya sunkuyar da kai.

"Haba, ranka ya daɗe, wane ni! Ai akwai manya."

Ya tsaya yana jiran a matsa masa.

"Very well, to shi ke nan," in ji boka. Ya karɓi takobin, ya mayar cikin dutse, ya koma itacensa ya rufe.

"Alhaji," in ji Hansai, "ya tafi fa."

"Ke, ai a'ar farko ce! Bai san ana sake tayi ba?"

"Bature ne. Ko shayi ka ce ka ƙoshi, ɗauke kofin suke yi."

Alhaji ya kama takobin ya ja har babbar rigarsa ta yage a hammata. Ko motsi.

Da ƙarfi ya gagara, ya koma ga abin da ya ƙware a kai, wato kamun ƙafa. Kullum yana gindin itacen a durƙushe da goro da turare, yana gaisuwa, yana ambaton manyan da ya sani. A gida ma'aikatarsa na jiran ilimin da zai kawo.

Ranar da kwas ya ƙare, ya ɗora baki a kan ɓawon itacen.

"Ranka ya daɗe," ya raɗa, "ko hakimin unguwar Lewisham ta nan Landan ne, wallahi na karɓa."