Kwaɗon Arzika Mai Lamba Uku

Mu mutanen Danchadi, Allah Ya yi mu da son sabon abu, ko da zai wahalshe mu. Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, Arzika manomin albasa ya sayo kwaɗo a Sakkwato, irin wanda ba shi da ɗan makulli, lamba uku ake juyawa ya buɗe. Ya ƙulle irin albasarsa a tsumma, ya sa a akwatin ƙarfe, ya datse. Iri kuwa a shekarar nan, ko da kuɗinka ba ka samu.

"Ɗan makulli ɓacewa yake yi," in ji shi a majalisa. "Nawa yana cikin kai."

Duk da haka ya yi wa kan nasa mataimaka. Ya rubuta lambar da gawayi a jikin rumbu, ya kuma rubuta a bayan allonsa. Makon farko kullum sai ya buɗe ya rufe, daga nan aikin gona ya ɗauke shi. Rumbun, shi da hannunsa ya yaɓe shi kafin ruwa ya sauka. Allon kuwa, da matarsa Kulu ta yi tari, ya yi mata rubutu ya ce ta wanke ta sha. Baiwar Allah ta wanke ciki da baya.

Damina ta janye, kowa ya zuba iri a fadama. Arzika ya tsuguna gaban akwati, kai ya ce bai san zancen ba. Kwana biyu yana murza kwaɗo. Ya kankare rumbu har ya kusa huda shi. Ya ɗauko allo, fes!

"Kulu, kin shanye mani lamba!"

"Ai ta yi magani, Malam. Tarin ya tafi."

Ya naɗa gammo zai kai akwatin wurin maƙeri a Bodinga, ta gaban duk waɗanda ya yi wa alfahari. Kulu na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Bakwai, biyu, tara."

Ya sauke, ya murza. Ƙaras!

"Wa ya faɗa miki?"

"Kai mana. Da ƙarfi kake faɗinta, kamar mai awon hatsi. Har Indo ta bayan katanga ta haddace."

"Kwana biyu kina kallona?"

"Ka ce ba wanda ya sani sai kai. Ni wa, da zan ƙaryata maigida?"

Da la'asar ya zuba irinsa. Lambar kuwa bai canza ta ba. Ya ce ajiyar da ke bakin mutanen unguwa ba ta ɓacewa.