Karkataccen Kifin Ummi

Ƙanena Lutfi bai san sassauci ba. Yana cikin masu naɗe manhajoji na sa-kai, waɗanda ke shirya su yadda kowa zai sauke a kwamfutarsa. Akwai ƙa'idar da ya riƙe kamar farilla. Kwamfuta tana tara 'yan hotunan da ake latsawa a wani rumbu, don kada ta riƙa nemansu kullum, saboda haka duk manhajar da aka sabunta dole ta ce wa rumbun ya zubar da tsohon hoto ya ɗauki sabo. Wanda ya manta wannan layin umarni, Lutfi zai dawo masa da aikinsa ko da limamin unguwa ne.

Manhajarsa ta farko ta nuna lokacin cikowar teku da janyewarsa ce, ya yi wa Baba saboda kamun kifi a nan tsibirinmu na Karkana. Ummi ce ta zana hoton, linzamin kwamfutar yana kufce mata. Kifi ta nufa, amma silifas ya fito. Mun yi mata dariya har ta yi fushi.

Bayan rasuwarta manhajar ta bazu, wani gwani ya zana sabon hoto mai sheƙi, na Ummi ya ɓace wajen sauye-sauye, babu wanda ya ajiye. Sai a tsohuwar kwamfutar Baba kaɗai, inda rumbun ya ƙi sabuntuwa.

Ranar Juma'a Lutfi ya sauko daga jirgin ruwan birnin Safakis. Ko kuskus ɗin da na dafa bai taɓa ba ya hango allon kwamfutar Baba.

"Yaya Wasila, wannan abin kunya ne! Manhajata, a gidan ubana, da tsohon hoto?"

"Sannu alƙali. Ci abinci tukuna."

Ina! Ya ja kujera, ya rubuta umarnin, saura ya danna. Baba ya shigo da warin komar kamun kifi a jikinsa, ya tsaya a bayansa.

"Me za ka yi wa silifas ɗin?"

"Gyara ne, Baba. Zan sa rumbun ya kawo sabon."

"Wannan ɗin fa?"

"Zai tafi."

Baba ya goge hannu a riga. Shekara biyu ke nan bai shiga kwalekwale ba, gyaran komar maƙwabta kawai yake yi, babu abin da lokacin teku zai tsinana masa.

"Ni ba buɗe shi nake ba," in ji shi. "Da safe nakan ce mata ina kwana, shi ke nan."

Wallahi tausayin su biyun ya kama ni. Lutfi ya janye yatsansa a hankali kamar daga kan garwashi. Ya goge umarnin. Har la'asar yana tone rumbun, kuskus ya huce, na bar shi. Daga ƙarshe ya ciro hoton, ɗan mitsitsi, dishi-dishi, ya ajiye shi wuri uku.

Makon da ya biyo ya fitar da sabon naɗi, da layin ƙa'idarsa daram a ciki. Rumbuna suka sabunta, kifin Ummi ya bayyana a allon masunta daga Jarba har Binzarta. Wani ya rubuto yana tambaya ko kuskure ne, don hoton ya yi kama da takalmi.

Lutfi ya amsa masa: "Kifi ne."