Darlene a Ofishin Farfesa

'Yata Darlene ta ishi garinmu na Ohio da fariya, wai ɗanta Colton yana sakandare amma har ya fara ɗaukar darasin kwaleji. Yaron da ko gadonsa ba ya gyarawa!

Ya kuwa faɗi lissafin kwalejin warwas da sifili, faɗuwar da za ta bi shi har jami'a. Darlene ta gasa kek ɗin tuffa, yadda ta saba lallaɓa malaman sakandare, ta nufi ofishin farfesan lissafin.

Ya ce, "Madam, a nan doka ta hana ni zancen makinsa da ke. Sai dai shi ya zo da bakinsa."

Ta fito tana huci. "Colton, shiga ka roƙe shi!"

Gogan ya leƙo daga mota. "Mama, me zan ce masa?"

Sifilin yana nan har yau.