Barfi da Kurkum ɗin Ammi

Sati biyu ke nan Barfi, kyanwar Nighat, tana jan gindi a ƙasa kamar mai goge daɓe. Surukar Nighat, Shamshad Begum, wadda duk unguwarsu a Lahore ta san ba ciwon da ba ta shafa wa kurkum, ta ce tsutsar ciki ce.

"Ammi, mu dai kai ta asibitin dabbobi," in ji Nighat.

"Asibiti? 'Ya'ya bakwai na raina da kurkum, har da mijin naki."

Ranar da za a yi baƙi, an shimfiɗa fararen zannuwa a tsakar falo, tsohuwar ta faki ido ta kwaɓa kurkum da man shanu, ta dumbuza wa kyanwar a ƙarƙashin jela. Barfi ta zauna daram a kan farin zane, ta ja layi rawaya tun daga ƙofa har inda za a ajiye shinkafa. Haka baƙi suka ci abinci suna kauda kai.

Washegari Nighat da surukarta suka kai Barfi asibitin dabbobi, likita ya duba ta. Ya ce ba tsutsa ba ce, wasu 'yan jakunkuna ne a gefen dubura suka toshe. Da ya matse su, wari ya cika ɗakin, Barfi ta kai masa yakushi a hannu.

Nighat ta juyo don ta ga kunyar surukarta. Sai ta ga tsohuwar ta riga ta kwance bakin mayafinta, inda take ƙulle kurkum.

"Miƙo hannun, ɗana," ta ce wa likitan.