Digirin Fatalwa

A motar zuwa garin Savannah kayana ba yawa: riguna biyu, katunan gwajin karanta zuciya, da digirin binciken fatalwa daga Scotland, inda ban ga ko ɗaya ba. Aiki ma ban samu ba.

Goggo Lurleen, marubuciyar littattafan soyayya, ta tarbe ni a ƙofa.

"Dakta, ina fatalwar?"

"Babu hujja, Goggo."

"Ni kam a kowane littafi sai na aurar da ɗaya. Mata rububi suke, don mataccen miji ya fi mai rai sauraro. Naki littafin digirin wa ya karanta?"

"Malamaina."

"Allah sarki."

Na shiga ɗaki, na rufe ƙofa. Gobe zan fara rubuta nawa littafin soyayyar. Saurayin labarin ya mutu tun yaƙin basasa, amma yana wanke kwanoni.