Turmi a Tsakar Gida

…a waje kuma? Wannan ƙarar da Ngumimi take ji daga kan gado, turmi ne ake ja a kan siminti. Aondover ya fito da shi tsakar gida! Mijin nan nata lafiyarsa ƙalau kuwa? Yau, da yayansa Terlumun yake zaune a kan benci, ya taso takanas daga ƙauye…

Tun da ɓarin jikinta ya shanye, a ɗaki Aondover yake daka. Ya turo ƙofa, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin turmi, wai kada maƙwabta su ji. Kayya! A nan unguwar Akurba wa zai kasa bambance dakan mace da na namiji? Sakwararsa ta farko… wayyo, gudaji kamar tsakuwa. Ta haɗiye, shi ma ya haɗiye yana kallon ƙasa. Sai dariya ta ƙwace musu, ita da rabin baki.

Tim. Tim. Ga shi ya fara.

Ta ji abin da Yaya ya zo da shi, bangon ba kauri. A mai da ita gidan iyayenta su yi jinya, yara kuma a rarraba wa dangi. "Namiji da wanke-wanke? A kasuwar doya da kai ake hira!" Ba mugu ba ne Yaya, Allah ya gani — shi ya yi ta zirga-zirga a asibiti. Amma ƙauye? To Msurshima fa, 'yar autar da ba ta cin abinci sai ta jingina da wannan mataccen hannun?

Hannun nan. Yana kwance a cinya kamar na aro.

Aondover da a da ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa… yanzu shi ke wanke zannuwanta, har da abin da ba a faɗa. Ranar da ta ɓata shimfiɗa — a'a, kar ta tuna. Hannun riga kawai ya naɗe. Me za ta saka masa da shi? "Na gode"? Shi ma sai harshen nan ya murɗe shi. Ta gode, Ubangiji shaida ne ta gode, har godiyar tana yi mata nauyi a ƙirji.

Yaya ya yi shiru. Fushi ne? Ko ya tashi ne? Ba ta ji motsin benci ba…

Dakan ya tsaya.

"Ngumimi!" Muryar Aondover ce, da ƙarfi, har maƙwabta. "In ƙara ruwa, ko ya isa haka?"

Ruwa? Shi da yanzu ya fi ta sanin hannun sakwara? Rabon da ya tambaye ta ai an daɗe. Me ya sa yau, me ya sa da ihu haka —

Oho.

Ba shi ke neman amsar ba. So yake Yaya ya ji da kunnensa: matar gidan nan tana nan, ita ake tambaya. Ya yi nasa, saura nata. Kalma ɗaya ce, amma dole ta fita sarai, ba rawa, ba yawu. "Ƙara." Ƙa… ƙa… haba harshe, don Allah, yau kaɗai.

Maza biyu suna jira.

Tana jan numfashi, tana buɗe baki…